Guduma, Mai Girgiza ko Injin Haƙa: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka a Saudiyya?

Idan ɗan kwangila ya zo mini da maganar shiga aikin turakun gini, ba na fara tambayarsa nawa ya tara. Garin da zai yi aiki nake tambaya. Injin da zai riƙe mutum da iyalinsa a Jubail sai ya shekara a ajiye a Jidda ƙura na hawansa, wanda ake rububinsa a Jidda kuwa, ka kai shi Makka dutse ya cinye masa haƙora tun bai yi nisa ba. 'Yan uwanmu da yawa sun daɗe a harkar gini a ƙasar nan, daga mai tifa ɗaya da mai boklen, wato motar haƙa ƙasa mai dogon hannu, har masu kamfanoni da rajista. Yanzu da ayyuka suka buɗe saboda baje kolin duniya na Riyad a 2030 da gasar kofin duniya ta 2034, ga kuma hasumiyar Jidda da aka koma kanta a farkon 2025, duk majalisar da ka zauna sai ka ji ana cewa a haɗa kuɗi a sayi injin turaka. Ana maganar kamar abu ɗaya ne, alhali injina huɗu ne mabambanta, kowanne da ƙasar da yake ci da kuma ƙasar da take cinsa.

Turke dai doguwar sanda ce ta ƙarfe ko ta kankare da ake nutsawa a inda saman ƙasa ba zai ɗauki nauyin gini ba. Ta hanya biyu yake ɗaukar kaya: ko ƙasansa ya zauna kan dutse ko wani tsauri, ko kuma ƙasar da ke kewaye da jikinsa ta damƙe shi, yawanci ma duka biyun ne suke haɗuwa. Shigar da shi ma hanya biyu ce. Ko a zo da shi a shirye a yi ta bugu ko girgizawa har ya nutse, ko a haƙa rami a sa rodi a zuba kankare ya daskare a ciki. Gudumar dizal da ta haidirolik da mai girgiza duk suna ɓangaren farko. Injin haƙa shi kaɗai ne a na biyun.

Ƙasar da za ka taka

Jidda a kan dutsen murjani take zaune, irin wanda aka sassaƙa aka gina tsofaffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar garin, da shi. Dutse ne mai yaudara: nan ya yi tauri, taku kaɗan gaba ya zama gari-gari, can kuma kogo ne a ɓoye. Ruwan ƙasa a unguwannin da ke kusa da teku bai wuce mita 1 ko 2 ba ka same shi, kuma ruwan gishiri ne mai cin rodi da siminti. A gabas, wajen Jubail da Dammam da Ras al-Khair, haka ma wasu wurare a Yanbu da Jizan, sabka ce ke mulki: ɓawon gishiri mai tauri a sama, a ƙarƙashinsa yashi da laka sakwa-sakwa cike da ruwa, sai an yi nisa a tarar da tsauri. Riyad dutsen farar ƙasa ne kusa da sama, shi ma da kogunansa. Gine-gine da yawa a can ba sa buƙatar turke don ɗaukar nauyi, amma ana buƙatarsa sosai don tokare bangon manyan ramuka kada ƙasar maƙwabta da titi su zabtaro. Makka kuwa dutse ne baƙi mai tauri, sai kwarurruka da yashi da tsakuwa suka cike.

Duk wannan yana cikin rahoton gwajin ƙasa, kuma dokar gini ta Saudiyya, kashin da ya shafi ƙasa da tushe mai lamba SBC 303, ta ɗora aikin tushe ne a kan irin wannan bincike. Ko ba ka yi karatun injiniya ba, akwai lamba ɗaya da ya kamata ka iya karantawa, wadda ake rubutawa N. Ana sako guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, a ƙirga bugu nawa ya shigar da bututun gwaji santimita 30 cikin ƙasa. Idan ƙasa da 10 ne, yashin sako-sako ne. Idan ya kai 50, ka san ka haɗu da abin da ba ya jin lallashi. Ka bi wannan lamba daga sama zuwa ƙasa a shafukan rahoton, rabin zaɓinka ya riga ya fito.

Gudumomi biyu

Gudumar dizal ita ce ta fi shiga ran 'yan uwa, saboda ita ce mai araha kuma ba ta da wata boko. Kamfanin Delmag na Jamus ne ya yi suna da ita, har yau kuma lambobinsa ake bi: D30, D46, D62. Lambar tana nuna nauyin ƙarfen da ke faɗowa, D46 kilo 4,600 ke nan. Aikinta irin na injin mota ne mai silinda ɗaya. Kiren ya ɗaga ƙarfen sau ɗaya ya saki, yana faɗowa ya matse iska, dizal ya fesu, ya daki kan turke, wuta ta tashi ta tura turken ƙasa ta kuma cilla ƙarfen sama, ya sake dawowa. Haka za ta yi ta yi, bugu wajen 35 zuwa 50 a minti, sai an yanke mata mai. Ba janareta, ba tiyo, ba kwamfuta. Bakaniken da ya san injin tifa zai iya kwance ta ya mayar, kuma akwai ƙirar Sin masu kama da ita da kayan gyaransu ba sa wahalar samu.

To, amma halinta ya saɓa da abin da ƙasarmu ke so. Tana buƙatar ƙasa ta yi mata gardama kafin wutar ta tashi. A laka mai taushi turken sai ya zurma da bugu ɗaya, iska ba ta matsu ba, gudumar ta mutu, a sake ɗagawa da kiren, ta sake mutuwa. Wanda ya yi aiki a sabka ya san wannan takaicin. Idan kuma ta haɗu da tsauri sai ta yi ta tashi sama da ƙarfi, har ƙarfen ya kai mita 3, wato ta fi zafin bugu a daidai lokacin da kan turken kankare yake neman a sassauta masa. Ga kuma zafin rana. Idan silindar ta yi zafi da yawa, man yakan kama da wuta kafin ƙarfen ya kai ga bugu, sai fashewar ta tare shi a hanya. Kai da ke tsaye kana ganin ƙarfe na tashi yadda ya kamata, kana ƙirga bugu kana murna turke ya tsaya, ashe gudumar ce ta yi laushi, ba ƙasar ce ta yi ƙarfi ba. A watan Yuli a Jubail wannan ba labari ba ne. Sai hayaƙi da feshin baƙin mai da ƙara da ta haura desibel 100 a kusa da ita. A cikin unguwa, kafin azahar baladiyya, wato hukumar birni, ta iso.

Gudumar haidirolik mai ne a cikin tiyo yake ɗaga ƙarfen, direba kuma shi yake zaɓar tsayin da zai faɗo, daga 'yan santimitoci har sama da mita 1. Junttan na ƙasar Finlan ya shahara a masu aiki a tudu, Menck na Jamus da IQIP na Holan a manya na cikin teku, waɗanda har a ƙarƙashin ruwa suke bugu. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne wannan: ita ƙarfe mai nauyi take sakowa daga kusa, ta dizal kuwa mara nauyi daga nesa. Tan 4.6 daga mita 3 da tan 9 daga mita 1.5 kusan ƙarfi ɗaya suke bayarwa a lissafi, amma na biyun turawa yake yi, na farkon mari. Kankare ya fi son turawa.

A sabka wannan ne ke raba gardama. Idan turken kankare ya huda ɓawon sama ya faɗa cikin taushi, bugu mai zafi yana tafiya har ƙasansa, bai tarar da abin da zai tare shi ba, sai ya dawo yana jan jikin turken. Kankare kuwa yana jure matsi amma ba ya jure ja. Sai ƙananan tsaguwa su buɗe a inda ido ba ya gani, ruwan gishiri ya sami ƙofar da zai kai ga rodi. Mai gudumar haidirolik sai ya rage tsayin bugu ya lallaɓa ya wuce wurin, ya ƙara idan ya isa tsauri. Ƙari a kan haka injin yana rubuta kowane bugu da ƙarfinsa, kuma wannan takarda ita ce injiniyan da ke sa ido a madadin mai aiki yake nema. A manyan ayyukan masana'antu na Jubail da Yanbu, inda takarda take da daraja kusan ɗaya da aikin, wannan kaɗai yana iya ba ka kwangila ko ya hana ka.

Kuɗinta dai ya ninka na dizal nesa ba kusa ba, kuma ba ta yafe sakaci. Man haidirolik yana zafi a yanayinmu, idan na'urar sanyaya shi ta toshe da ƙura robobin ciki su narke su fara yoyo. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin bawul ta isa ta tsayar da aiki har sai an kira ma'aikacin wakilin kamfani. Duk da haka, idan har bugu za ka yi kuma turakun kankare ne, ni ita zan ce ka nema. Ta dizal na bar wa mai bugun bututun ƙarfe a bakin tashar jirgin ruwa ko can bayan gari inda babu mai kai ƙara.

Akwai kuma wani abu da ya shafi gudumomin duka biyu, wanda masu sayar da su ba sa faɗa. Yashin gaɓar Bahar Maliya da na tekun Fasha da yawansa ba yashin dutse ba ne, ɓarɓashin murjani ne da ƙwanson halittun ruwa. Idan aka buga turke a cikinsa, ƙwayoyin murƙushewa suke yi maimakon su matsu su riƙe shi. Turken ya shige salin-alin, amma jikinsa ba riƙo. Masu haƙar iskar gas sun ɗanɗana kuɗarsu da wannan a farkon shekarun 1980 a dandalin North Rankin da ke tekun Ostareliya, inda turakun ƙarfe suka riƙa zurmawa fiye da yadda aka yi lissafi, sai da aka koma aka yi gyara mai tsada. A irin wannan ƙasa kankaren da aka zuba a rami ya fi kamawa, domin yana shiga kowane lungu na bangon ramin ya daskare a can. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba ka cika jin ƙarar guduma a wuraren gini na Jidda ba.

Mai girgiza

Ita ba ta bugu. A cikinta akwai ƙarafa masu nauyi a gefe ɗaya, biyu-biyu, suna juyawa suna saɓa wa juna, sau dubu da ɗaruruwa zuwa sama da 2,000 a minti. Jan da suke yi hagu da dama yana kashe juna, na sama da ƙasa ya haɗu. Ta damƙe kan ƙarfen da muƙamuƙinta, yashin da ke kewaye ya saki jiki, ƙarfen ya nutse da nauyinsa, kamar yadda hannu ke shigewa buhun gero idan kana motsa shi. A Tarayyar Sobiyet aka fara amfani da dabarar, yau kuma sunayen da za ka ji su ne ICE da PTC da ABI da Müller. A yashi mai ruwa babu mai saurinta, abin da guduma za ta daɗe tana fama da shi ita cikin 'yan mintoci ta gama. Kuma tana da abin da sauran ba su da shi: yadda ta shigar haka take zarewa.

Nan ne kasuwarta take. Duk ramin da za a haƙa a Jidda da ya wuce ƙugun mutum, ruwa ne zai biyo, bango ya zabtare. Tun bayan ambaliyar 2009 da ta 2011 ba a daina aikin magudanan ruwa da bututai a garin ba. Irin waɗannan ayyuka fallayen ƙarfe masu sarƙe juna ake jerawa a tokare ramin, a zuƙe ruwan, a gama, a zare su a kai gaba. Akwai ƙananan masu girgiza da ake ɗaurawa a hannun boklen, irin na Movax, masu kama ƙarfen ta gefe su ɗauke shi daga ƙasa su tsayar ba tare da kiren ba. Wani yaro namu da ke da boklen biyu ya taɓa ce mini, "Kawu, ni fa so nake in shiga babban aiki, ba ramin kwata ba." Na ce masa, "Ɗana, ramin kwatar nan kullum akwai shi, kuma rabin kayan aikinsa suna hannunka." Har yanzu ra'ayina ke nan ga duk mai ƙaramin jari: wannan ce ƙofar da ta fi sauƙin shiga.

Iyakarta a bayyane take. Laka mai tauri tana shanye girgizar, dutse kuwa ko gezau. Da lambar N ta doshi 50, ko ka haɗu da wani falalen yashi da ya daskare ya zama dutse, sai ƙarfen ya tsaya yana rawa a wuri ɗaya, bakinsa ya lanƙwashe, mahaɗan fallayen su yi zafi. Dole a fara huda wurin da barima. Sannan ba ta ba da shaidar nauyin da turke zai ɗauka. Mai guduma yana ƙirga bugu ya san ƙarfin ƙasa, mai girgiza ba shi da abin ƙirgawa, shi ya sa turken da zai ɗauki gini ko gada akan shigar da shi da ita a ƙarasa 'yan mitocin ƙarshe da guduma. Ka kuma kula da maƙwabta. Girgizar da ke sakin yashi a jikin ƙarfenka tana zaunar da yashin da ke ƙarƙashin katangar wani. Lokacin tayarwa da lokacin kashewa ne suka fi haɗari, sa'ad da juyin yake a hankali ya yi daidai da rawar ƙasa da ta gini. Akwai ƙirar da take kaiwa cikakken gudu tukuna kafin ta fara girgiza, ta fi tsada, amma in a cikin gari za ka yi aiki ita ce. Kusa da Balad, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ko ita ɗin ban ba ka shawara ba. Irin wurin nan na injin Giken ne na Japan, wanda tun 1975 yake danna fallayen ƙarfe a hankali yana dogara da waɗanda ya riga ya kafa. Hayarsa ake yi in buƙata ta taso, ba abin saye ba ne ga irinmu.

Injin haƙa

Wannan shi ne sarkin aikin gini a Jidda da Riyad, kuma shi ne ya fi cin kuɗi. Motar sarƙa ce mai doguwar hasumiya, da sanda mai shiga cikin juna tana miƙewa, a bakinta a ɗaura barima ko bokiti ko gwangwani mai haƙoran yankan dutse, gwargwadon abin da aka tarar. Bauer na Jamus, Soilmec da Casagrande na Italiya, Liebherr, sai na Sin irin Sany da XCMG da suka cika kasuwa. Lambar da ke jikinsu ƙarfin murɗawa take nunawa: BG 28 da SR285 da XR280 duk 'yan aji ɗaya ne, nauyinsu yana kaiwa wajen tan 100. Tushen hasumiyar Jidda da irin wannan aka yi shi: turaka 270, faɗinsu mita 1.5 zuwa 1.8, mafi zurfinsu sun haura mita 100, kamfanin Saudi Bauer ya haƙa. Babu gudumar da za ta yi wannan a cikin murjani.

Alherinsa a fili yake. Ba ya girgiza maƙwabta, ƙararsa ta inji ce kawai, yana ratsa dutse, kuma kana ganin ƙasar da yake fitowa da ita, ka gwada da abin da rahoto ya faɗa. Turke ɗaya mai faɗi yana ɗaukar abin da sai an tara na bugu da yawa. Da shi ake jera turaka su ciji juna su zama bangon da ke tare ƙasa da ruwa a ginin da ke da benaye a ƙarƙashin ƙasa, aikin da ke ko'ina a Riyad yanzu.

Sai dai wanda ya sayi injin haƙa bai sayi aiki ba tukuna, kan layi kawai ya saya. Rami a yashi mai ruwa ba ya tsayuwa da kansa. Ko ka sa kesin, wato babban bututun ƙarfe mai tokare bangon ramin, ko ka cika shi da ruwan bentonait (wata irin laka) ko na folima (wani sinadari mai yauƙi), masu riƙe bangon kada ya zabtare, wanda ke nufin tankuna da famfuna da injin tace yashi da wurin zubar da ƙazantaccen ruwan da baladiyya ta yarda da shi. Ruwan gishiri ma yana lalata bentonait in ba a iya haɗi ba. Kana buƙatar kiren na saka kejin rodi, da shebur mai kwashe ƙasa, da tifofi, da bututun zuba kankare daga ƙasan rami zuwa sama, wanda bakinsa ba zai taɓa fita daga cikin kankaren ba har a gama. Ya fita sau ɗaya, laka ta shiga tsakani, turke ya yanke biyu a inda ba mai gani.

Kankaren kansa wani babi ne. Turke mai faɗin mita 1 da zurfin mita 20 yana cin kubik mita 15.7 a takarda. A murjani mai kogo takarda ba ta aiki, ka ga mota bayan mota na shigewa ramin bai cika ba. Ɗan kwangilar da ya sa hannu a kan farashin mita ba tare da an rubuta wanda zai biya rarar kankare ba, daga aljihunsa zai ciyar da kogon. Haka kuma motocin dole su zo a jere ba yankewa, a garin da ake hana manyan motoci shiga a wasu sa'o'i, a yanayin da sai an sa ƙanƙara a haɗin kada ya yi zafi ya fara kamawa a hanya. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, don haka zubi na dare ne. Mai guduma yana iya tsayawa tsakanin turke da turke ya tafi hutu. Kai da ka buɗe rami ba ka da wannan gatan. Batun gishiri kuma, kada ka ɗauka siminti mai jure salfet shi kaɗai ya wadatar. Ruwan ƙasarmu ya haɗa salfet mai cin siminti da kuloraid mai cin rodi, shi ya sa injiniyoyi suke ƙara garin silika ko na dattin narkar da ƙarfe a haɗin, su kuma bar tazarar wajen santimita 7.5 tsakanin rodi da ƙasa.

Akwai ƙanensa da ya kamata mai matsakaicin jari ya duba da kyau: doguwar barima guda da ake murɗawa har ƙasa a tafi ɗaya, sannan a riƙa turo kankare ta cikin cibiyarta ana zaro ta, a ƙarshe a danna kejin rodi cikin ɗanyen kankaren. Ramin bai taɓa zama a buɗe ba, saboda haka ba bentonait ba kesin. Yana da sauri ƙwarai a faɗin santimita 40 zuwa mita 1 da zurfin da bai wuce mita 25 zuwa 30 ba, wanda shi ne abin da yawancin benaye matsakaita suke nema. Rauninsa dutse mai tauri, da dogon keji da ke ƙin shiga idan kankare ya fara kamawa, da direban da ke zaro barima da sauri fiye da yadda kankare ke fita. Kada ka karɓi irin wannan inji in ba shi da na'urar da ke auna matsin kankare da yawansa a kowane mita. Injinan haƙa da dama ana iya juya su su yi wannan aikin da ƙarin kaya, ka tambaya tun wajen ciniki.

To, wa zai ɗauki wanne?

Mai boklen da ƙaramin jari, a Jidda ko Dammam: mai girgiza ta hannun boklen da fallayen ƙarfe nasa na kansa, domin hayar fallayen ma kuɗi ce. Wanda ke da ƙafa a ayyukan masana'antu da tashoshin ruwa na gabas ko Yanbu: gudumar haidirolik, da mai girgiza ta kiren a gefe. Wanda ke son aikin benaye a Jidda da Riyad kuma yana da abin da zai riƙe ma'aikata watanni kafin a biya shi: injin haƙa matsakaici mai iya aikin doguwar barima. Na Makka ya manta da duka huɗun in ba a cikin kwari zai yi aiki ba, abin da dutsen can yake ji shi ne ƙaramin injin huda mai gudumar iska a bakin sanda, na ƙananan turaka da ƙusoshin riƙe dutse. Gudumar dizal ita ce ta ƙarshe a jerina duk da araharta. Dizal ɗin da ake cewa ba komai ba ne ma ya tashi daga halala 75 zuwa riyal 1.15 a 2024, ya koma 1.66 a 2025, ko da yake wannan ya fi taɓa mai injin haƙa da ke ƙona shi yini guda.

Ko wanne ka zaɓa, aikin farko da na biyu ka yi su da na haya tare da direbansa. A nan za ka gane abin da lobed, tirelar ɗaukar manyan injina, ke ci wajen kai inji da dawo da shi, da izinin hanya na kaya mai nauyi, da kuɗin shimfiɗa dandamalin tsakuwa da aka daddanne kafin inji ya hau. Wannan na ƙarshen kada ka yi masa rowa. Tan 100 mai doguwar hasumiya a kan ɓawon sabka, ruwa ya ɗan taɓa gishirin ya narke, sarƙa ɗaya ta nutse, injin kifewa yake yi da mutum a ciki. Ka sa kuɗin gwaji ma a farashinka tun farko: na ɗora wa turke nauyi a auna nutsewarsa, na manna na'ura a jikinsa ana bugu, da na aika sauti cikin kankare a gano inda ya yanke.

In na hannu za ka saya, ko a gwanjon Jabal Ali na Dubai ko a wajen wani kamfani da ya gama aiki, kada agogon awoyi ya ruɗe ka, ana canza shi. A injin haƙa ka duba sandar ko ta lanƙwashe da makullanta ko sun cinye, ka saurari akwatin giya mai murɗawa, ka ɗebi mansa a kai gwaji. A mai girgiza, boris da muƙamuƙi. A guduma, cikin silinda da wurin da ƙarfe ke sauka. Kafin ka biya ko riyal ɗaya ka kira wakilin kamfanin a Dammam ko Jidda ka ba shi lambar injin, ka ji ko yana da kayansa a ajiye ko sai an yi oda. Ka lissafa harajin VAT na kashi 15 cikin 100 da rajistar Saber, ta tantance ingancin kaya, in daga waje zai shigo.

Sai maganar da ba a so a yi a majalisa. Da yawanmu 'yan ƙasa ne, da yawa kuma da iƙama suke zaune. Haɗa kuɗi a sayi inji a rubuta shi da sunan wani ɗan ƙasa alhali wasu ne ke juya harkar a ɓoye, shi ne abin da dokar tasattur ta hana, kuma hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ko hukuma ba ta kama ku ba, ranar da mai sunan ya rasu injin ya shiga gadon 'ya'yansa, ku kuwa ba ku da takardar da za ku nuna wa alƙali. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya bi ta Ma'aikatar Zuba Jari, a rubuta kason kowa a rajistar kamfani kafin a tura kuɗin inji.